BAƘIN AZURFA: TARIHIN DA KE KWANCE CIKIN ADUDUN IYAYENMU

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa ta mujallarmu ina so mu waiwayi wani abu wanda kusan kowane gida yake da shi, amma ba kasafai ake ɗaukarsa a bakin komai ba, watau tsohuwar azurfar iyayenmu mata, wadda ta yi baƙi tana kwance a gindin adudu ko fantimoti.

Ga abin da ya jawo wannan rubutu. Bayan rasuwar mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, muka buɗe akwatinta a gidanmu na Makera, muka tarar da mundaye biyu masu nauyi, da zobba, da wata tsohuwar tsabar kuɗi da aka huda aka zura wa zare. Duk sun yi baƙi ƙirin. Ƙanwata, da kyakkyawar niyya, ta ɗauki munduwa guda ta tasa ta gaba da toka da rairayi da soson ƙarfe. Da yamma ta kawo mini tana murna, ta ce, "Yaya, dubi munduwar Inna, kamar yau aka ƙera ta." Lalle ta yi fari fat. Amma da na aza ta kusa da 'yar uwarta, sai na ga zanen da ke jikinta ya dushe, sai an ƙura ido ake ganinsa.

Na kai su duka biyun wurin wani dattijon maƙeri. Ya juya wankakkiyar a tafin hannunsa, ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, wa ya yi wa wannan aski? Baƙin da ke cikin zanen nan ai da gangan aka sa shi, kuɗi aka biya." Ashe garin neman gira mun rasa ido. Tun daga ranar na shiga bin diddigin abu biyu: daga ina azurfar nan ta fito, kuma mene ne wannan baƙin nata?

Asalin azurfa a ƙasar Hausa

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, ƙasar Hausa ba ƙasar haƙar azurfa ba ce. Muna da tama, wadda kakanninmu suka daɗe suna narkawa su fitar da ƙarfe, akwai kuza a tsaunukan Jos, akwai zinariya a yankin Zamfara da Birnin Gwari. Amma azurfa baƙuwa ce, kuma sunanta ma ya nuna haka, domin masana harshe sun bayyana cewa daga harsunan Buzaye da danginsu na Afirka ta Arewa muka aro kalmar, inda suke cewa azref. Watau ta hanyar da sunan ya biyo, ta nan kayan suka biyo: daga Tarabulus zuwa Gadamas, zuwa Gat, zuwa Agadas, har Katsina da Kano, a bayan raƙuma.

Galibin wannan azurfa a matsayin kuɗi ta iso mana. Fataken Larabawa, waɗanda a da su ake kira Turawa, har unguwarsu a Kano ta sami sunan Dandalin Turawa, sukan zo da tsabar kuɗin ƙasashen Turai su sayi fatu da kiraga da gashin jimina da turkuɗi. A kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), nan waɗannan kuɗi ke sauya hannu, daga nan wasunsu su zarce zuwa maƙera.

Liyari

Babu kuɗin da ya yi suna a wannan fanni kamar liyari. Sunan daga riyal ya samo asali, amma ita tsabar ta ƙasar Ostiriya ce. A fuska ɗaya akwai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780, a ɗaya fuskar kuma gaggafa mai kai biyu. An fara buga kuɗi da hotonta a 1741. Da ta rasu a 1780, sai aka tarar mutanen Gabas ta Tsakiya da na Afirka sun riga sun amince da wannan tsaba, ba sa son wata, saboda haka aka ci gaba da buga ta ba tare da an sauya shekarar ba. Wannan ne dalilin da ya sa kusan duk liyarin da ka ɗauka za ka ga 1780 a jikinsa, ko da kuwa an buga shi ne shekara 150 bayan haka. Tsakanin 1935 da 1961 har a Rum da Landan da Faris da Burasal da Bombai an buga shi. Jimillar abin da aka buga ya haura miliyan 300. Don haka wanda ya ga 1780 a jikin nasa kada ya yi saurin cewa ya tsinci dami a kala.

Abin da ya sa aka amince da liyari shi ne ba ya sauyawa. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗigo, kuma cikin kowane kashi 1,000 na jikinsa, kashi 833 azurfa ce tsantsa, sauran jan ƙarfe. Baturen nan ɗan Jamus mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, ya kuma rubuta cewa ana canza tsaba guda a kan wuri 2,500. Ke nan wanda zai yi doguwar tafiya, maimakon ya ɗora wa jaki buhunan wuri, sai ya ƙulle 'yan liyarai a lalitarsa.

Har ila yau akwai wani abin sha'awa. Wajen 1520 aka fara buga wata babbar tsabar azurfa a wani kwari mai suna Yowakimstal, wanda yanzu yake cikin ƙasar Cek. Aka gajarta sunan tsabar ya koma tala, daga nan Ingilishi ya sami sunan kuɗin Amurka, mu kuma muka sami dala.

Ga maƙeri kuwa, liyari ma'auni ne. In mace ta kawo guda biyar, ya san zai fitar mata da munduwa mai nauyin kimanin giram 140. Ita ma ta san abin da ta bayar, ta san abin da za ta karɓa. Munduwar nan ado ce ranar biki, ajiya ce ranar wuya.

Sule da dala

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka shigo da kuɗinsu, suka kuma nemi a riƙa biyan haraji da shi. A hankali wuri da liyari suka fita daga ciniki. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, domin Nijeriya da Gwalkwas, watau Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. A 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da dala, wadda wasu ke kira fataka, watau sule biyu. Duka huɗun na azurfa ne mai kyau, kashi 925 cikin 1,000, kuma sule da dala suna ɗauke da hoton bishiyar kwakwar manja. Wannan ya zo daidai da lokacin da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, tsabar azurfa ta kwararo har cikin ƙauyuka.

Sai dai abin bai daɗe ba. Yaƙin Duniya na Farko ya sa azurfa ta yi tsada ƙwarai. Oza guda da ake sayarwa wajen kwabo 27 a Landan a 1913, ta kai kwabo 89 a watan Fabrairu na 1920. Azurfar da ke jikin sule ta zo ta fi sulen kansa daraja. Jama'a suka shiga ɓoye tsaba, wasu suna narkawa. Daga 1920 sai Hukumar ta koma buga waɗannan kuɗi da tagulla. Ingila kanta ta rage azurfar kuɗinta zuwa rabi a 1920, ta kuma cire ta gaba ɗaya daga 1947. Saboda haka sulallan da muka taso muka gani, da kwabban da suka zo tare da naira a 1973, babu ko ƙwayar azurfa a cikinsu.

To ina tsofaffin suka tafi? Da yawansu suna nan, sai dai sun sauya kama. Sun zama mundaye da awarwaro da zobba da 'yan kunne da kayan doki. Wasu kuma an huda su, matan Fulani suna kitsa su a gashi. Wanda ya riƙe tsohuwar munduwar kakarsa, mai yiwuwa ne kuɗin gyaɗar kakansa ya riƙe.

Maƙeran farfaru

Hausawa sun raba ƙira gida biyu. Akwai ƙirar babbaƙu, ta masu fartanya da garma da gatari, akwai kuma ƙirar farfaru, ta masu aikin azurfa da tagulla da jan ƙarfe. Maƙerin farfaru yakan zuba tsabar a ɗan kasko, ya binne shi cikin gawayi, yaro yana ta buga zugazugi har ta narke. Azurfa tsantsa sai zafi ya kai digiri 962 take narkewa, wadda aka gauraya da jan ƙarfe kuwa ba ta kai haka ba. Sa'an nan ya zuba ta a mazubi, ko ya buge ta a kan uwar maƙera, ya gyara da magagari, ya zana mata ado da ɗan ƙarfe mai tsini.

Daga wuta azurfa takan fito da dauɗa, domin jan ƙarfen da ke cikinta ya ƙone a sama. Sai a tsoma ta cikin ruwa mai tsami, irin na lemun tsami ko tsamiya ko alif. Tsamin yakan cinye ƙonannen jan ƙarfen, ya bar wata 'yar siririyar fata ta azurfa tsantsa a sama. Wannan fatar ce ke ba sabuwar munduwa farinta, kuma ita ce farkon abin da rairayi ke kankarewa.

Bayan fari sai baƙi. Zane a kan farin ƙarfe ba ya fitowa sosai, sai an duhunta cikinsa. Maƙeran Buzaye na Agadas, waɗanda suka shahara da abin wuyan nan mai kama da gicciye, sukan cusa baƙi cikin zanen, sa'an nan su goge saman ya yi haske, sai adon ya fito raɗau. Wannan dabara tsohuwa ce a duniya. Rumawan da, da maƙeran Rasha da na Tailan, suna da wani baƙin haɗi da ake kira niyelo, na azurfa da jan ƙarfe da darma da farar wuta, wanda ake narkawa cikin zane. Maƙeran zamani kuma suna tsoma kayan cikin ruwan wani sinadari da ake kira hantar farar wuta, saboda launinsa irin na hanta ne. Cikin 'yan daƙiƙu azurfar ta yi baƙi, sai a goge inda ake son haske.

Azurfa a ƙetaren kogi

Yanzu bari mu dawo gida. Kaduna ba tsohon birni ba ne kamar Kano ko Zariya. Ƙasar Gbagyi ce, jirgin ƙasa da mulkin Turawa suka mai da ita gari, aka kuma dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. A kudancin kogi aka yi babbar mahaɗar jirgi, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan ya haɗu da na Legas zuwa Kano a 1927. Daga baya masana'antu suka biyo. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙu irin su Arewa da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, aka kafa masana'antar kayan tsaro a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980.

Waɗannan ayyuka suka tara jama'a daga ko'ina a Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Kudenda, har zuwa Sabon Tasha: Hausawa, Fulani, Nufawa, Barebari, Bajju, Atyap, Ham, Tibi, Idoma, Igala, Yarabawa da Ibo. Kowace amarya da aka kawo ta zo da kayan adon garinsu. Ga aikin Bida, garin da ya yi suna da ƙirar tagulla da azurfa, ga aikin Kano, ga na Barno, ga na Agadas. Waɗanda muka tashi a gidajen haya na wannan yanki mun ga waɗannan kaya a hannun iyayenmu da maƙwabtansu ranar Salla da ranar Kirsimeti. Maza ma ba a bar su a baya ba, domin Musulunci ya halatta wa namiji zoben azurfa, ya hana shi na zinariya.

Ga matar ma'aikaci, azurfa ita ce bankinta. In wata ya yi nisa, ko kuɗin makaranta ya taso, sai a kai munduwa jingina, in an yi albashi ko an ɗauki adashi a fanso ta. Ina da yaƙinin cewa a cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda munduwa ce ta biya musu kuɗin jarrabawa, ko sun sani ko ba su sani ba.

Abu uku suka taru suka raba mu da waɗannan kaya. Na farko, arzikin man fetur. Bayan kuɗin Udoji na 1975, ido ya koma kan gwal na Saudiyya, daga baya na Dubai, aka fara ganin azurfa kayan tsofaffi ce. Na biyu, matsin tattalin arziki tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, har zuwa durƙushewar masaƙu, inda KTL ta rufe a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007. Dubban magidanta suka rasa abin yi, abin da aka kai jingina bai dawo ba. Na uku, rikicin 2000 da na 2002, waɗanda suka sa iyalai da yawa, Musulmi da Kirista, suka bar gidajensu da abin da hannu zai iya ɗauka, kogin da ya haɗa mu ya koma kamar iyaka. Abin da ya tsira daga duk wannan, shi ne yanzu masu saye a kan sikeli ke bi gida gida suna nema. Su nauyi kawai suke biya, aikin maƙerin kuwa kasko zai koma. Duk sa'ad da farashi ya tashi a duniya, kamar yadda oza ta kusa dalar Amurka 50 a 1980 da kuma 2011, sai narkawa ta ƙaru.

Mene ne baƙin?

A nan sai mu tuna da darasin kimiyya da muka yi a aji huɗu. Turawa na kiran baƙar azurfa da sunan da ke nufin wadda iskar oksijin ta ci, amma sunan kuskure ne. Oksijin shi ke sa ƙarfe tsatsa, azurfa kuwa bai cika damunta ba. Abokiyar gabarta ita ce farar wuta. A cikin iska akwai ɗan burbushin wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke tashi daga kwata da bola da masai da hayaƙin kwal da na man fetur. In ta taɓa azurfa sai su haɗu su zama wani sabon abu, haɗin azurfa da farar wuta. Yakan fara da ruwan ɗorawa, ya koma ruwan ƙasa, ya yi shuɗi-shuɗi, in ya yi kauri ya zama baƙi. Laima na hanzarta shi, shi ya sa azurfa ta fi saurin baƙi a damina, musamman a Agusta, fiye da lokacin hunturu. Unguwannin da ke da cunkoso da hayaƙi kuma sun fi ƙauye saurin baƙanta ta.

Akwai bambanci babba tsakaninsa da tsatsa. Tsatsa tana cin ƙarfe har ta huda shi. Baƙin azurfa kuwa a sama yake tsayawa, kaurinsa bai kai na gashi ba ko kusa. Ke nan munduwar da ta shekara hamsin a adudu ba ta lalace ba. Abin da ke lalata ta shi ne gurza, domin azurfa ƙarfe ne mai taushi. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, azurfa ba ta wuce hawa na 3 ba, rairayi kuwa yana hawa na 7. Kowace gurza tana tafiya da ɗan wani abu na jikinta wanda ba zai dawo ba.

Saboda haka baƙi iri biyu ne, ko da yake sinadarinsu kan zama ɗaya. Akwai wanda maƙeri ya sa, yana kwance cikin zane da lunguna, shi ne ke fito da ado. Akwai kuma wanda zamani ya sa, ya rufe ko'ina, tudu da kwari. Gwaninta ita ce a rage na biyu ba tare da an taɓa na farko ba.

Yadda za a kula da ita

Na farko, a tabbatar azurfa ce. Akwai wani haɗi na jan ƙarfe da nikel da tutiya da ake kira azurfar Jamus, wanda babu azurfa a cikinsa ko kaɗan, kuma da irinsa ake yin da yawa daga baƙaƙen sarƙoƙi masu araha da ake shigowa da su daga Indiya. Yakan sa wa wasu ƙaiƙayi. Kayan zamani na gaske sukan zo da hatimin 925, amma aikin maƙeranmu na da ba shi da hatimi. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, sai dai ba ya kama tagulla ma, don haka bai isa shaida ba. Gwajin da ya fi shi ne wanda muka koya a ɗakin kimiyya: a auna nauyin abin da giram, a tsoma shi a ruwa a ga mililita nawa ruwan ya hau, a raba na farko da na biyu. In abin ba mai rami a ciki ba ne, azurfa takan ba da 10 da ɗan kai, azurfar Jamus kuwa ba ta kai 9 ba.

Na biyu, wanki. Ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi da yatsun hannu sun isa. A ɗauraye, a tsane ta sarai, sa'an nan a goge tudun kawai da tsohon ƙyallen auduga mai laushi, a bar kwarin da baƙinsa. Kada a kusance ta da rairayi, ko toka, ko soson ƙarfe, ko man goge baki. A kuma kakkaɓe ƙurar hunturu kafin a goge, domin ita ma rairayi ce.

Na uku, abin da ba shi da zane, kamar sarƙa ko zobe sumul, ana iya farfaɗo da shi ba tare da gurza ba. A sami tukunyar alminiyam, wadda muke kira ta dalma, a zuba tafasasshen ruwa lita guda, da babban cokali na bekin soda ko tatacciyar farar kanwa, da ɗan gishiri. A sa azurfar ta taɓa jikin tukunyar. Cikin 'yan mintoci za a ji warin ƙwai, alamar farar wutar ta rabu da azurfar. Amma a kula ƙwarai: wannan hanya ba ta san baƙin maƙeri da na zamani ba, duka take kwashewa. Kada a yi wa mai zane, ko mai dutse, ko mai itace ko fata a jiki. Tsohon liyari ko sule kuwa a bar shi yadda yake, domin masu tara tsofaffin kuɗi sun fi daraja wanda ba a wanke ba.

Na huɗu, rigakafi ya fi magani. A cire azurfa kafin a yanka albasa ko tafarnuwa, ko a fasa ƙwai, ko a yi wanki da ruwan bilic, ko a shafa sabulu da man ƙuraje masu farar wuta. Turare da mai su riga ta hawa jiki. In za a ajiye, a naɗe kowace ita kaɗai a farin ƙyallen auduga, a sa a leda mai rufewa, tare da ɗan ƙunshin nan mai shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada a ɗaure ta da robar ɗaure kuɗi, kada a naɗe ta a ulu ko jarida, domin duk suna iya baƙanta ta.

Na biyar, wanda ya yi irin kuskurenmu kada ya yanke ƙauna. A dafa ƙwai ya dahu sosai, a farfasa shi da zafinsa, a rufe shi cikin leda tare da azurfar ba tare da sun taɓa juna ba, a bar su na 'yan sa'o'i. Za ta yi duhu, sai a wanke a goge tudun. Haka muka yi wa munduwar Inna. Baƙin ya dawo, amma zurfin zanen da soso ya cinye ya tafi ke nan.

Kammalawa

'Yan uwa, ba ina cewa kada wanda ya shiga matsi ya sayar da abinsa ba, domin tun asali don ranar wuya iyayenmu suka ajiye. Roƙona shi ne, kafin a gurza ko a kai sikeli, a tsaya a yi tambaya. A tambayi tsofaffin da suka rage: ta wace ce, a wane gari aka ƙera, da wane kuɗi, sau nawa ta je jingina ta dawo? A auna ta, a ɗauki hotonta, a rubuta amsar a takarda a ajiye tare da ita. In sayarwar ta zama dole, a fara tallata wa dangi.

Ina kuma ba shugabannin ƙungiyarmu shawara, a taronmu na gaba a ware tebur guda, kowa ya zo da abin da ya samu a adudun gidansu, a gayyaci ɗaliban makarantarmu na yanzu da malamansu na tarihi da na kimiyya. Gani ya kori ji. Yaron da ya riƙe liyari a hannunsa, ya auna shi da kansa, ba zai manta da hanyar Agadas ba, ba zai kuma manta da cewa iyayensa da na abokinsa sun taɓa zama gida ɗaya a Kakuri suna ara wa juna kayan ado ba.

Allah ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu, ya ƙara mana zumunci, ya ba Kaduna zaman lafiya mai ɗorewa. Amin.